Jijiya: wacce daga ciki likita yake nufi?

Kalmar jijiya tana ɗaukar kaya da yawa a bakin Bahaushe. Mai kilishi a kasuwar Maradi, in yana yanka nama yana zare wani farin abu mai tauri, jijiya yake cirewa. Ma'aikaciyar asibiti in ta ɗaure maka hannu tana laluben inda za ta soka allurar ƙarin ruwa, jijiya take nema. Samari in gardamar ƙwallo ta yi zafi a fada, sai a ce sun ta da jijiyar wuya. Tsohuwa kuma ta zauna gaban likita ta ce ciwon jijiya ke damunta. Shi likitan da ya yi karatunsa da Faransanci kalma uku gare shi: tendon, veine da nerf. Mu duka mun zuba su a ƙwarya ɗaya.

Ta mai kilishi igiya ce da ke ɗaure tsoka da ƙashi. Ta ƙarin ruwa hanyar jini ce. Ta ukun ba ta jan ƙashi, ba ta ɗaukar jini, saƙo kawai take kaiwa, kuma ita ce ke da hannu a halin mutum. In kana so ka san ta, tuna ranar da gwiwar hannunka ta bugi bakin ƙofa, ka ji wani abu kamar lantarki ya tsarga har ƙaramin yatsa. Ita ka taɓa, a wurin da ta bi kusa da fata.

Uwar gidan wannan jijiya ta ukun ƙwaƙwalwa ce. Nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci, kuma ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86 ne a cikinta. Daga ƙarƙashinta laka ta sauka ta cikin ƙashin baya. Tagwayen jijiyoyi 12 suna fita kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, tagwaye 31 daga laka, su yi rassa har tafin ƙafa. Wasu suna hawa da labari, wasu suna sauka da umarni. Gudunsu ma ba ɗaya ba ne: akwai mai kai saƙo mita 120 a sakan guda, akwai mai jan ƙafa da kusan mita ɗaya. Shi ya sa in ka yi tuntuɓe kake fara jin bugun, sai bayan ɗan lokaci zugin ya iso.

Mutane suna kwatanta ta da wayar lantarki, kwatancen kuwa ya yi rabin hanya ne kawai. Waya a haɗe take daga farko har ƙarshe. Santiago Ramón y Cajal, ɗan ƙasar Sifaniya da ya samu kyautar Nobel a 1906, ya nuna cewa ƙwayoyin jijiya rarrabe suke, kowace da iyakarta. Tsakanin ɗaya da ta gabanta akwai ɗan giɓi, sinaps ake kiransa. To, yaya saƙo ke tsallakawa? A 1921 Otto Loewi ya ɗauki zuciyar kwaɗi biyu. Ya motsa jijiyar ta farko har bugunta ya ragu, sannan ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyu. Ita ma ta rage bugu, alhali ba wanda ya taɓa jijiyarta. Ashe sinadari ne ke ƙetare giɓin. A wannan giɓi ne tramol ke aikinsa: yana danne saƙon ciwo da gajiya, jiki kuwa yana nan yana ƙonewa, in an zarce sai farfaɗiya ta kayar da mutum.

Ba kowane hukunci ke jiran ƙwaƙwalwa ba. Hannunka in ya taɓa butar shayi a kan garwashi, laka ce ke ba da umarnin janyewa, ƙwaƙwalwa sai daga baya take jin abin da ya faru. Ka riga ka janye kafin ka ce wayyo.

Faɗuwar gaba kuwa ta fi wannan nisa. Kana tsallaka titi, ɗan kabu-kabu ya wuce ya kusa goge ka. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan curi a kowane ɓangare, bai fi ƙwayar gujiya girma sosai ba, sunansa amigdala. Shi ke buga ƙararrawa. Saƙo ya sauka zuwa wasu ƙulli biyu da ke zaune a saman ƙoda, su saki wani sinadari mai suna adrenalin cikin jini. Zuciya ta ƙara bugu, baki ya bushe, jini ya bar ciki ya nufi tsoka, ƙafafu su yi ta rawa bayan babur ɗin ya yi nisa. Mu sai mu ce gabana ya faɗi, ko zuciya ta ɗebe shi. Ni ban ga laifin wannan magana ba. A ƙirji ake jin abin, Bahaushe kuma inda ya ji ya nuna. Sai dai zuciya ƴar aike ce a nan.

Birki yana bayan goshi. A 1848, a jihar Vermont ta Amurka, wani shugaban leburorin hanyar jirgin ƙasa mai suna Phineas Gage yana danna albarushi a rami da sandar ƙarfe sai albarushin ya tashi, sandar ta shiga ta kumatunsa na hagu ta fita ta tsakar kai. Bai mutu ba, yana tafiya, yana magana, ya ƙara kusan shekara 12 a duniya. Amma likitansa ya rubuta cewa mutumin da aka sani da natsuwa ya koma mai gajen haƙuri da zagi. Wannan sashe na gaban ƙwaƙwalwa da sandar ta ratsa shi ke auna abin da zai biyo baya, kuma shi ne na ƙarshen nuna, sai wajen shekara 25. Duk wanda ya hau bayan yaro ɗan shekara 17 a babur ya san haka ba tare da karatu ba.

Mu koma wurin tsohuwa. In ta ce ciwon jijiya ta yi shiru, likita zai fara lalube ne cikin ukun. In kuwa ta ce tafin ƙafarta na zafi kamar ta taka barkono, ko tana jin tururuwa na tafiya a yatsunta, ko takalmi na fita ba ta sani ba, ta nuna masa ta ukun. Ciwon sukari yana cinye ta daga yatsun ƙafa zuwa sama. Kuturta tana kashe ta a fata, har mutum ya ƙone bai ji ba. Shan inna a laka yake kama ta. In kuma baki ya karkace farat ɗaya, hannun dama ya ƙi ɗaguwa, magana ta sarƙe, to matsalar tana ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, domin jijiyoyin suna giciye kafin su sauka. Wannan ba na shafa man zafi ba ne, asibiti ake nufa a wannan sa'ar.