Cin nama zalla: jiki zai ɗauka? Kuma daga ina naman zai fito?

Mai leƙa TikTok ko YouTube da wuya bai ci karo da irin hoton nan ba: wani Bature ƙaƙƙarfa, gabansa faranti cike da gasasshen nama da curin man shanu, yana rantsuwa rabonsa da shinkafa ko ganye ya yi shekaru. Da yawansu kan ƙara da cewa naman ma ba na kanti ba ne, ko dai su suka harbo shi a daji, ko kuma sa guda suka saya daga gandun kiwo. Ga tambayoyin da mutanenmu ke yi a kai.

Mene ne ainihin tsarin?

Nama, kifi, ƙwai, kitse, gishiri da ruwa. Wasu kan haɗa da nono da cuku. Babu hatsi, babu wake, babu ganye, babu 'ya'yan itace. Masu tsananin cikinsu ba sa wuce naman dabbobi masu tuƙa da gishiri da ruwa, suna kiransa abincin zaki. Yayin ya yi ƙarfi a Amurka wajen 2018, kuma cikin masu yaɗa shi akwai wani likitan ƙashi, Shawn Baker. A ƙa'idarsu ko tsirenmu bai ci jarrabawa ba saboda ƙuli-ƙulin da ke jikinsa, balle kilishi da aka tsoma cikin tunkuza da kayan yaji.

Mutum zai iya rayuwa a kan nama kaɗai?

Zai iya, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin shi ne kitse.

A 1928 wani mai yawon bincike, Vilhjalmur Stefansson, wanda ya shafe shekaru cikin mutanen Inuit na ƙasar ƙanƙara, ya yarda likitocin asibitin Bellevue da ke New York su gwada shi. Shi da abokinsa Karsten Anderson suka yi shekara guda cur ba su ci komai ba sai nama. Da farko likitocin sun sa Stefansson ya ci tsoka zalla wadda aka cire wa kitse. Kwana biyu zuwa uku tashin zuciya da gudawa suka kama shi. Da aka dawo masa da nama mai maiƙo sai ya warware. Daga nan kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin da suke samu daga abinci, daga kitse yake fitowa, kuma suna cin hanta, ƙoda, ƙwaƙwalwa da ɓargo. Shekara ta ƙare ba su kamu da ciwon rashin bitamin C ba, wanda ke kumbura dasashi yana zubar da jini.

Sai dai mutum biyu ne, shekara guda ce. Su Inuit ɗin kuwa suna cin ɗanyar hanta da fatar kifin whale, inda bitamin C ɗinsu yake, ba naman da aka dafa ya yi luguf ba. Mafarautan arewacin Kanada ma sun san wani ciwo da suke kira yunwar zomo: mutum ya cika ciki da naman zomo kullum, amma yana ramewa yana zawo, don babu kitse a ciki. A riƙe wannan, zai dawo idan mun zo kan farauta.

Likitoci me suke cewa?

Masu bin tsarin kan rage ƙiba, sukarin jininsu ya sauka. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya bar lemon kwalba, biredi, taliya da shayi mai sukari cokali huɗu rana ɗaya. Tambayar ita ce ko naman ne ya yi aikin, ko barin waɗancan.

A 2021 masu bincike a Boston sun wallafa amsoshin mutum 2,029 da ke wannan ci. Yawancinsu sun ce sun ji daɗin jikinsu, amma mugun kitsen jini, wanda ke toshe jijiyoyin zuciya, ya hau sosai a wurin waɗanda suka kawo sakamakon gwaji. Kuma amsoshin bakinsu ne, ta intanet aka tattara, wanda tsarin ya wahalar ya bari ba ya ciki. A ɗaya ɓangaren, cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar a 2015 cewa sarrafaffen nama, wato wanda aka adana da gishiri ko hayaƙi ko sinadari, yana jawo kansar hanji, jan nama kuma ana kyautata zaton haka. Asusun binciken kansa na duniya yana ba da shawarar kada dafaffen jan nama ya wuce giram 350 zuwa 500 a mako. Mai cin nama zalla kan cinye wannan a yini ɗaya.

Mai ciwon suga da ke kan allurar insulin, in ya yanke tuwo rana ɗaya bai rage magani ba, sukarinsa na iya faɗuwa ya suma. Mai ciwon ƙoda da mai ciwon gaɓoɓin da nama ke tayarwa, su ma kada su fara sai da likita.

Nama nawa mutum zai ci a shekara?

Nan ne masu bidiyo ba sa daɗewa. Stefansson na cin wajen giram 800 a rana, kusan kilo 300 ke nan a shekara. Bijimin Bunaji mai kilo 300, in aka feɗe, aka cire kai, ƙafafu, fata da kayan ciki, abin da ke rataye a ƙugiyar mahauci kusan rabi ne. A zare ƙashi, a samu ɗan abin da ya haura kilo 100. Bijimi uku ke nan ga baki ɗaya. Magidanci mai iyali takwas sai ya tanadi shanu ashirin da huɗu duk shekara, na yanka kawai, ban da iyayen da za su haifo na baɗi.

To farauta ba za ta rage nauyin ba?

A Amurka tana ragewa, amma sai an san yadda aka kai ga haka. Wajen 1900 masu harbi don sayarwa sun kusa ƙarar da barewarsu mai farin wutsiya, ta koma ƙasa da rabin miliyan. Sai aka hana cinikin naman daji, aka sa lasisi, aka ƙayyade watannin harbi da adadin da kowa zai ɗauka, kuɗin lasisin kuma aka zuba wajen kula da dazuzzuka. Yau barewar ta kai wajen miliyan 30, ana harbe kimanin miliyan 6 a shekara ba ta ƙare ba. Duk da haka barewa ɗaya kilo ashirin da 'yan kai take bayarwa, kuma tsoka ce, kitsen kaɗan ne. Mai son rayuwa a kanta kaɗai na buƙatar fiye da goma sha biyu, sannan ya nemo maiƙo a wani wurin.

A wajenmu fa? Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin hanya da yamma lokacin rani ya ga 'yan farauta na dawowa ya san amsar. Mota cike da samari, karnuka a ɗaure, gora da gitta da bindigar toka, ga kalangu na tashi, kowa ya yi buɗu-buɗu da tokar ƙonannen daji. A leƙa burgami: zomo biyu, gafiya, kurege, fakara, in an yi sa'a gada. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma yanzu gudun ya fi zomon yawa. Gwanki da kanki da ɓauna da tsofaffin maharba ke ba da labari, sai mutum ya je irin Yankari a Bauchi, wadda aka keɓe tun 1956, kuma harbi a can laifi ne. Dokar tarayya ta 1985 ma ta haramta kashewa ko cinikin wasu namun da ke shirin ƙarewa. Farauta al'ada ce mai sarautarta da kirarinta, maharba kuma suna taimakon tsaro a garuruwa da dama, amma dajinmu ba zai cika tukunyar kullum ba.

Ai naman daji ya fi tsabta, tunda ba a yi masa allura?

Allurar da ba a yi masa ba ita ce rabin matsalar, don babu likitan dabbobi da ya duba shi. Zazzaɓin Lassa, da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yau, ɓera ke ɗauke da shi, kuma yana tashi ne da rani, daidai lokacin da yara ke cinna wa daji wuta suna haƙar ramuka. Haɗarin ya fi yawa wajen kamawa da fiɗa da hannu tsirara, kafin naman ya ga wuta. Harsashin dalma kuwa yana tarwatsewa cikin tsoka, ƙananan ɓarɓashin da ido ba ya gani. Mutanen Zamfara sun ga abin da gubar dalma ke yi wa yara a 2010, ko da yake ta can daga haƙar zinare ta fito. Shi ya sa ake yanke duk kewayen inda harsashin ya shiga a zubar. Dabbar da aka tsinta a mace, ta gida ko ta daji, kada a taɓa. Cutar saifa da ta ɓulla a wata gona a Suleja a Yulin 2023 ta irin wannan hanyar take kama mutane.

Akwai kuma halacci. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo, in an ambaci sunan Allah. Malamai sun sharɗanta cewa mafaraucin ne ya sake shi, ba shi ya zabura don kansa ba, kuma in aka riski dabbar da sauran rai dole a yanka. A farautar gayya, inda karnuka talatin ke kan zomo ɗaya, wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Kiwo a killace fa?

Nan ne naman duniya ke fitowa, amma ba arha ba ne. Saniya mai kilo 250 na cin wajen kilo 6 na busasshiyar ciyawa a rana, ga ruwa jarka ɗaya zuwa biyu, damina da rani. Sa a Amurka kan kai kilo 600 kafin ya cika shekara biyu, don a watanninsa na ƙarshe masara ake ɗura masa. Bunajin da ke bin burtali sai ya shekara huɗu bai wuce rabin haka da yawa ba. Afirka ta Kudu ta bi wata hanyar: dokar 1991 ta mallaka wa mai gona namun dajin da ya killace da shinge, sai gonaki da yawa suka koma kiwon barewa da gwanki, ana biya a yi harbi. Najeriya ta daɗe tana juya zancen, daga dokar wuraren kiwo ta Arewa ta 1965 zuwa ma'aikatar kiwo ta tarayya da aka kafa a 2024. Cikas ɗin bai sauya ba: fili, ruwa, da abincin watan Maris zuwa Mayu.

Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne Bafulatanin ruga. Yana kwana yana tashi cikin shanu, amma abincinsa nono ne da fura da tuwo. Ba ya yanka sai suna, biki, layya, ko wadda ta karye. Masai na Kenya da Tanzaniya, da masu bidiyo ke yawan kafa hujja da su, su ma madara ce ginshiƙinsu. Saniyar da aka yanka ta ciyar da gida mako biyu, wadda aka bari tana ba da nono tana haihuwa shekara da shekaru.

Wanda ba shi da gandu, yana son ƙara nama cikin sauƙi, ya zai yi?

Abin da Amurkawa ke tinƙaho da shi, na sayen rubu'in saniya kai tsaye daga makiyayi, mu watanda muke ce masa. Mutum goma ko ashirin su haɗa kuɗi, a je kara da wanda ya san shanu, a duba haƙori da ido da tozo, a yanka a gaban kowa, a kasa kashi-kashi a kan buhu, kowane kashi da tsokarsa, ƙashinsa, ɗan hanta da ɗan tumbi. Ribar dillalai biyu ko uku ta fita daga farashin. Wasu kan turke rago ko ɗan maraƙi wata uku zuwa huɗu da dusa da harawa.

Sauran matsalar ajiya ce, tunda firinji sai da wuta. Matan gida sun daɗe da maganinta tun daga naman layya: a tafasa da gishiri, a soya shi ƙarau cikin kitsensa har ruwan ya ƙone, a bari ya huce, a zuba a kwano mai murfi, kullum a ɗebi tsoka biyu ko uku a jefa cikin miyar kuka.