Hauhawar Sukari a Jinin Jarirai

Hauhawar sukari a jinin jariri yanayi ne da sukarin jininsa ke zarce miligiram 125 a kowace desilita, ko 150 idan ruwan jinin kaɗai aka auna bayan an ware ƙwayoyin jinin, ko da yake likitoci ba su cika ɗaukar mataki ba sai ya haura 180. An fi ganinsa ga bakwaini, musamman waɗanda nauyinsu bai kai giram 1,000 ba, a makonsu na farko. Jaririn da mahaifiyarsa ke da ciwon sukari kuwa, faɗuwar sukari aka fi ji masa tsoro.

Jikin bakwaini bai gama ƙosawa ba, don haka insulin ɗin da yake samarwa, wato sinadarin da ke rage sukari a jini, kaɗan ne kuma ba ya aiki sosai, hantarsa kuma tana ci gaba da zuba sukari cikin jini ko da ana yi masa ƙarin ruwa mai sukari ta jijiya. Magunguna irin su dexamethasone da dopamine suna ƙara tsananta abin. Mafi muhimmanci, sukarin da ya tashi kwatsam ga jaririn da ba a canza masa ƙarin ruwa ba yana iya zama alamar farko ta shigar ƙwayoyin cuta cikin jini, kuma wannan ne ya kamata a fara bincika.

Idan sukarin ya yi yawa, ƙoda kan fitar da shi ta fitsari tare da ruwa mai yawa, sai jariri ya bushe, jininsa ya yi kauri har ya janyo ruwa daga ƙwaƙwalwa. An danganta yanayin da zubar jini a ƙwaƙwalwa, da lalacewar jijiyoyin ido da kan kai ga makanta, da ƙaruwar mace-mace, amma masana na da saɓani kan ko sukarin ne sanadi ko kuwa yana nuna tsananin jinyar ne kawai.

Ana fara magani da rage sukarin ƙarin ruwan, da shayar da nonon uwa da wuri. Insulin kan zo daga baya da taka-tsantsan, domin wani bincike a kan bakwaini mai suna NIRTURE da aka wallafa a 2008 ya nuna cewa ba da shi tun farko don rigakafi bai rage mace-mace ba, sai dai ya ƙara faɗuwar sukari, wadda ita ma tana illata ƙwaƙwalwa. Idan hauhawar ta ƙi sauka, akan yi gwajin ƙwayoyin gado don gano ciwon sukarin jarirai, wanda ba kasafai ake samunsa ba, kuma wasu nau'o'insa kan ji maganin glibenclamide a madadin allurar insulin.