Tsohon lens a sabuwar kyamara: tambayoyi da amsoshi kan adafta da telekombata

Duk mai ɗaukar hoton biki da suna a Agege, Idi-Araba ko Mile 12 ya san kuɗin sabon lens ya fi ƙarfin mai farawa. Shi ya sa hankali ya koma kan lensunan zamanin fim, na ƙarfe, waɗanda ake murɗa fokas ɗinsu da hannu, masu ɓullowa cikin kayan tokumbo a Alaba da Ikeja ko a durowar tsofaffin situdiyo. Ga tambayoyin da ƙannenmu a sana'a suka fi yi a kansu.

Yaya, na samu wani lens an rubuta masa Helios 44-2. Zai hau kyamarata?

Kafin ka duba sunansa, duba bakinsa. Kowane kamfani ya ƙera lensunansa su zauna a wata tazara ƙayyadaddiya daga fim, wanda yau sansa, wato farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, ta maye gurbinsa. Wannan tazarar ita ce gaba ɗayan maganar. Helios ɗinka, 58mm f/2 ne (lambar mm tsawon zuƙowarsa ce, ta f kuma ta ƙofar haskensa) ƙirar Tarayyar Sobiyat, bakinsa na murɗi ne da ake kira M42, kuma yana son ya zauna milimita 45.46 daga sansa. Kyamarar Sony marar madubi tazarar bakinta milimita 18 ce kacal. Saura milimita 27.46 ke nan, to aikin adafta shi ne cike wannan gurbin. Bututun ƙarfe ne kawai, ba gilashi a ciki.

Ƙa'idar ita ce: in tazarar lens ta fi ta kyamara tsawo, akwai wurin adafta. In ta gaza, babu. Kyamarori marasa madubi kusan duk gajerun tazara gare su: Nikon Z 16, Fujifilm X 17.7, Micro Four Thirds 19.25, Canon RF 20. Don haka kusan kowane tsohon lens zai hau su, ya kuma kama abin da ke nesa har ƙarshen gani.

Masu madubi, wato DSLR, nan ake samun matsala. Canon EF na da 44, saboda haka tana karɓar M42, da Olympus OM mai 46, da Nikon F mai 46.5, ta hanyar siririn zobe. Amma ba ta karɓar Minolta MD mai 43.5. Abin mamaki ma, ba ta karɓar 'yan gidansu, Canon FD mai 42, waɗanda kamfanin ya yi watsi da bakinsu a 1987 lokacin da ya fito da EF. Nikon mai madubi kuwa ita ce mai rowa: tazararta ta fi ta kusan kowa tsawo, sai dai ta ɗauki nata.

Amma na ga ana sayar da adaftan FD zuwa EF, da na M42 zuwa Nikon.

Ana sayarwa. Ka leƙa ciki za ka ga ɗan gilashi. An sa shi ne don ya gyara tazarar da ta gaza, kuma a haƙiƙa ƙaramin telekombata ne, wato gilashin ƙara zuƙowa, da aka ɓoye: yana ɗan zuƙo hoton, yana cin haske, yawancinsu kuma gilashin ba mai kirki ba ne. Ka buɗe ƙofar haske gaba ɗaya sai fuskar amarya ta fito kamar an shafa wa hoton man kaɗanya. In ka cire gilashin, hoto zai dawo garau, amma fokas ba zai kai nesa ba. Fure da zobe da ƙunshi za su ɗauku, taron da ke can ƙarshen rumfa ba zai ɗauku ba. A ganina wanda ke riƙe da Canon mai madubi ya bar FD ga masu marar madubi, ya nemi M42 ko OM ko Nikon.

Shi adafta marar gilashi yana rage kyan hoto?

A'a, tunda ba abin da haske ke ratsawa. Sharaɗin kawai ya zama an yanka shi daidai. In ya yi kauri ko da kaɗan ne, za ka murɗa fokas har ƙarshe amma ginin da ke nesa bai fito tar ba. In yana girgiɗi, gefe ɗaya na hoton zai yi dishi-dishi. Ka gwada shi a shagon kafin ka biya: fita bakin ƙofa, saita kan allon tallan da ya fi nisa.

Abin da ke sauyawa shi ne faɗin abin da kyamara ke gani, kuma wannan laifin sansa ne, ba na adafta ba. A ƙaramar sansar Sony, Fujifilm ko Nikon ana ninka lambar mm ɗin lens da 1.5, a ta Canon da 1.6, a Micro Four Thirds da 2. Helios ɗinka a kan Sony mai ƙaramar sansa zai gani kamar 87mm, daidai da hoton fuska, amma a ɗakin haya na Agege sai ka jingina da bango kafin mutum uku su shiga.

Na ɗaura komai, kyamara ta ƙi ɗauka.

Ba ta san akwai lens ba ne, don babu wayar da ke gaya mata. Shiga saitinta ka kunna izinin ɗauka ba tare da lens ba, ka koma tsarin ɗaukar kyamara na A ko M, inda kai ke zaɓar ƙofar haske. Ka kunna launin da ke nuna inda fokas ya faɗa, da maɓallin ƙara girman hoto a allo. In kyamarar na da na'urar hana rawar hannu a jikinta, rubuta mata tsawon lens ɗin, wato lambar mm ɗinsa, da kanka.

Sai ƙofar haske. Wasu lensunan M42 na da ɗan tsinke a baya wanda tsohuwar kyamara ke dannawa lokacin ɗauka. In akwai makunnin A da M a jikin lens ɗin, mayar da shi M. In babu, kamar Helios 44M-4, sai ka nemi adafta mai leɓe a ciki da ke danne tsinken. Adaftan FD kuma yana da zoben kansa da sai an murɗa kafin ƙofar ta soma rufuwa. Mutane da yawa kan ɗauka lens ɗin ne ya lalace.

To shi telekombata me yake yi?

Gilashi ne da ake sawa tsakanin lens da kyamara. Yana ɗaukar tsakiyar hoton da lens ya samar ya shimfiɗa shi ya cika sansa. Mai 1.4 yana mayar da 200mm ya zama 280mm, mai 2 yana mayar da shi 400mm. Kusancin da lens ke iya kamawa bai sauya ba, don haka ƙananan abubuwa ma sun ƙara girma, wannan riba ce da ba a cika faɗa ba.

Amma ba kyauta yake yi ba. Mai 1.4 yana cinye rabin haske, mataki ɗaya. Mai 2 yana barin kashi ɗaya cikin huɗu, mataki biyu. Lens 200mm f/4 ya koma 400mm f/8. In da kana ɗaukar dambe da yamma a ISO 400, wato lambar ƙarfin jin hasken sansa, yanzu sai 1600 kafin ka riƙe saurin ɗaukar da kake kai, alhali tsawon 400mm na buƙatar ƙarin sauri don rawar hannu ta ninku ita ma. Lambar da ke jikin zoben lens kuwa ba ta sauya ba, tana nan tana ce maka 4. Kai ne za ka yi lissafin a ka. Na'urar hana rawa ma 400 za ka rubuta mata, ba 200 ba.

Sannan telekombata lasifika ce: mai daɗin murya ta ƙara masa, mai tari ma ta ƙara masa. In lens na barin jan layi ko shuɗi a gefen farar babbar riga, layin zai ninka. Shi ya sa ya fi dacewa da lens mai tsawo ɗaya, mai kaifi, irin 135mm f/2.8 ko 200mm f/4 ko 300mm f/4.5. A ɗora shi kan tsohon zum mai araha, wato lens mai sauya tsawo, ɓata lokaci ne. A ɗora shi kan 28mm don a samu 56mm kuwa, gara a sayi 50mm ɗin, ya fi haske nesa ba kusa ba.

Ina da sabon telekombata na Canon. Zan iya haɗa shi da tsohon lens ta adafta?

Kada ka soma. Telekombatan Canon EF, da ake kira Extender, gilashinsa na gaba a tsire yake, an yi shi ne ya shige cikin ramin da ke bayan wasu dogayen lensunan kamfanin. Lens ɗin da gilashinsa na baya ke kusa da baki, sai su yi karo, ka yi asarar biyu. Na Nikon masu suna TC-14E da TC-20E har wani ɗan ƙarfe aka ƙara musu a baki don kada tsohon lens ya hau. Akwai masu goge shi da zarto; ni ba na ba da shawarar hakan.

Jerin da ya dace shi ne: lens, sai telekombata mai baki irin na lens ɗin, sai adafta, sai kyamara. Lens FD da telekombata FD, lens M42 da na M42. Kuma kada ka haɗa adafta mai gilashi da telekombata, ka tara bashi kan bashi.

Tsofaffin ma ba duka suke hawa kowane lens ba. Nikon ta raba nata: TC-200 da TC-201 na lens 200mm zuwa ƙasa, TC-300 da TC-301 na 300mm zuwa sama, waɗannan na biyun masu dogon hanci ne da ke shiga cikin lens. Canon ma haka a zamanin FD, 2x-A na 300mm zuwa sama, 2x-B na ƙasa da haka. Cikin na wasu kamfanoni, ka duba yawan gilashi: Kenko Teleplus MC7 mai bakwai ya fi MC4 mai huɗu, musamman a gefunan hoto. Vivitar ma na da mai 2 wanda ke da zoben kusantowa, yana mayar da 50mm lens na ƙananan abubuwa. In ka ci karo da shi lafiyayye, ɗauka.

Telekombata ya fi, ko in ɗauka in yanke hoton a kwamfuta?

Da lens mai kaifi da rana tsaka, kamar birai a gandun Lekki ko kwale-kwale a ƙarƙashin gadar Third Mainland, telekombata mai kyau kan fitar da abin da yanka ba zai fitar ba. Da matsakaicin lens, ko da yamma, ko lokacin hazo, yanka ya fi. Hoton megafiksel 24 in ka yanke shi daidai da ninki 2, megafiksel 6 zai rage, wanda ya ishi WhatsApp da Instagram har da ƙaramin firem.

Akwai kuma kishiyarsa, wanda kamfanin Metabones ya fitar a 2013 da sunan Speed Booster. Shi matse hoton yake yi da 0.71, ya faɗaɗa gani ya ƙara haske mataki ɗaya. Yana aiki ne a marar madubi mai ƙaramar sansa, kuma masu bidiyo sun fi morar sa.

Akwai haɗin da zai iya lalata min kyamara?

Akwai. Bakin Nikon F tun 1959 yake, sai mutum ya ɗauka kowane lens ɗin Nikon, wato Nikkor, zai hau kowace Nikon. A 1977 kamfanin ya sauya zoben ƙofar haske zuwa tsarin AI. Lensunan da suka riga wannan shekarar zobensu a cike yake, yana danne ɗan harshen da ke gefen bakin kyamarori irin D7000 da D750, har ya karya shi. Za ka gane AI da jerin ƙananan lambobi na biyu a ƙasan zoben, da huda a kunnuwan ƙarfen da ke samansa. Jerin D3000 da D5000 ba su da wannan harshen, lens ɗin zai hau, sai dai ba awon haske.

Canon mai babbar sansa irin 5D madubinta babba ne, yakan bugi bayan wasu lensunan M42 in an kai fokas nesa, da kuma sandar da ke bayan lensunan Pentax K. In ka ji ƙarar da ba ka saba ji ba, tsaya.

Sai wanda ya fi yaudara. Bakin T, na dogayen lensunan nan masu araha, faɗinsa milimita 42 ne kamar M42, amma tazarar tiredinsa 0.75 ce, ta M42 kuwa 1. Zai soma shiga ya cije. In ka tilasta, ka cinye tiredin duka biyun.

Me zan duba a kasuwa?

Haska fitilar waya ta baya ka leƙa ta gaba. 'Yar ƙura ba komai ba ce. Abin gudu shi ne funfuna, mai kama da saƙar gizo a cikin gilashi, da hazon da ke sa hoto ya koɗe. Murɗa zoben ƙofar haske ka ga ko ganyayyakin na rufuwa da sauri. In akwai maiƙo a kansu za su riƙa liƙewa. Super-Takumar 50mm f/1.4 da ka gani ya yi rawaya ba lalacewa ya yi ba, sinadarin toriyom ne a gilashinsa, hasken rana na rage launin.

Danshin Legas, musamman daga Afrilu zuwa Oktoba, shi ne abincin funfuna, kuma telekombata ya fi shiga haɗari don yakan yi watanni a ƙasan jaka ba a taɓa shi ba. Kada ka bar su cikin tsohuwar jakar fatar da suka zo da ita. Samu roba mai murfi da ke rufuwa ruf, zuba ƙwayoyin silika, ka riƙa busar da su in sun sha ruwa. Wanda ka saya da 'yar funfuna a gefe ka ware masa robarsa daban, ka kai shi wurin mai gyara da wuri, don in ta daɗe tana cin rufin gilashin, ko an wanke tabon na nan.