Asibitin gwamnati ba kyauta ba ne

Duk lokacin da 'yan sa-kai suka fito neman gudummawar marasa lafiya, sai ka ji wani ya ce: "Ai asibitin gwamnati kyauta ne, aljihunsu kawai suke cikawa." Wannan magana ta daɗe a bakin mutane, kuma tana cutar da majinyata.

A Najeriya, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a harkar lafiya daga aljihun jama'a yake fitowa. A shekarar 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa za su ware wa lafiya kashi 15 na kasafin kuɗi, amma gwamnatin tarayya ba ta taɓa kai wa nan ba.

Shi ya sa dangin majinyaci ke biyan kuɗin kati, gwaji, ƙarin ruwa, wani lokaci har safar hannu. Wanda ƙodarsa ta daina aiki kuwa, wankin ƙoda sau biyu ko uku yake buƙata a mako. Wannan giɓin 'yan sa-kai ke toshewa, ba albashi ba alawus. Mai kokwanto yana iya biya kai tsaye a asusun asibiti da sunan majinyacin, a ba shi rasit.