Cajin batir da faifan sola

Cajin batir da faifan sola hanya ce ta tara lantarkin da hasken rana ke bayarwa domin a yi amfani da shi da dare ko lokacin da aka ɗauke wuta. A Katsina da Daura ana ganinsa a gidaje, da shagunan cajin waya, da masallatai, da ɗakunan shan magani. Ƙaramin tsari ne mai bolt 12. Kayansa huɗu ne: faifan sola, kwantirola mai daidaita cajin da ke shiga batir, batir ɗin kansa, sai inbata ga mai son kunna kayan da ke cin bolt 230. Faifai mai kyau yana haura shekara 20 yana aiki. Batir ne ke saurin mutuwa, kuma mafi yawan lokuta rashin cika caji da zafi ne ke kashe shi.

Faifai da inda ake kafa shi

Katsina tana wajen digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, don haka faifai kudu yake kallo, a karkace da digiri 10 zuwa 15. Idan aka kwantar da shi shimfiɗe, ƙura ta samu wurin zama. Wat ɗin da aka rubuta a bayansa an auna shi ne a zafin digiri 25. A bazara, faifan da ke kan kwano yana kai digiri 60, kuma kowane digiri ɗaya na ƙari yana rage kusan kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa. Shi ya sa ake barin tazarar kamar taƙi ɗaya tsakaninsa da kwano, iska ta riƙa ratsawa. Da hunturu ana goge shi aƙalla sau ɗaya a mako, da ruwa da tsumma mai laushi, da sassafe kafin gilashin ya ɗau zafi. Inuwar reshen darbejiya ko kashin tsuntsu a kusurwa ɗaya tana iya dakushe faifan gaba ɗaya, domin ƙwayoyinsa a jere suke haɗe.

Lissafi da haɗawa

Batir mai amfiya-awa 200 a bolt 12 yana ɗauke da wat-awa 2,400, amma idan na darma ne, kamar batir mai ruwa, rabi kawai ake ci, wato 1,200. Faifai mai wat 300, a awa biyar na rana mai ƙarfi, bayan an cire asarar zafi da ta waya, yana ba da wajen 1,100. Ke nan bai ma kai ya mayar da duk abin da aka ci ba. Mai sayen batir biyu ya haɗa su da faifai ɗaya bai ƙara wuta ba, ya dai ƙara abin da ba zai cika ba.

Kwantirola iri biyu ce. PWM ta fi araha, ta dace da faifai mai bolt 18. MPPT ta fi tsada, amma ita ke mayar da rarar bolt ɗin manyan faifai ya zama caji. Wajen haɗawa, batir ake fara sa wa kwantirola, sannan faifai. Wajen kwancewa a fara cire faifai. Ana sa fiyus a wayar ja kusa da kan batir. Siririyar waya tana zafi tana cinye bolt, har kwantirola ta ɗauka batir ya cika alhali bai cika ba.

Kula da batir mai ruwa

Ana auna batir da mita bayan ya huta na 'yan awanni, babu caji babu kaya. Bolt 12.6 zuwa 12.7 cikakke ne, 12.1 zuwa 12.2 rabi ne, ƙasa da 11.9 kuwa an matse shi fiye da kima. Kwantirola tana kai shi wajen 14.4, ta riƙe shi nan na awa biyu ko uku, sannan ta sauko wajen 13.6. Wannan riƙewar ita ce cikar caji ta gaskiya. Batir ɗin da kullum ake ja kafin ya kai nan, wani farin gishiri ne ke daskarewa a jikin darmarsa. Alamarsa ita ce ya nuna ya cika da hantsi, ya mutu kafin lisha.

Zafi shi ne abokin gaba na biyu. Duk ƙarin digiri 10 sama da 25 yana rage kusan rabin shekarun batir na darma, saboda haka ba a ajiye shi a shagon kwano rufaffe ko jikin bangon da rana ke duka. Batir yana kuma fitar da iskar haidurojin lokacin caji, wadda tartsatsi kaɗan ke tayar da ita. Ɗakin ya zama mai taga, nesa da murhu da janareta.

Ana duba ruwansa kowane wata, a bazara kowane mako biyu. Ruwan batir tatacce kawai ake ƙarawa, har ya rufe darmar da kamar santimita ɗaya. Ruwan rijiya da na leda suna da gishirin da ke lalata darma, asid kuma ba a ƙara shi, domin ruwa ne ke ƙafewa ba asid ba. Idan kan batir ya yi fari ko kore, a kwance shi, a wanke da ruwan bekin soda ba tare da ya shiga ciki ba, a ɗaure tamau, a shafa basilin. Ba a haɗa sabon batir da tsoho, tsohon ne zai ja sabon ƙasa.

Batir na litiyam ba ya shan ruwa, ana iya cin kashi 80 cikin ɗari nasa, amma dole a sauya saitin kwantirola zuwa nasa, a kuma kashe cajin daidaitawa mai haura bolt 15 da ake yi wa batir mai ruwa.