Tuƙin Mota Cikin Ambaliyar Ruwa a Accra

Tuƙi cikin ambaliya shi ne bin hanya da mota a lokacin da ruwan sama ya fi ƙarfin kwatoci ya hau kan titi. A Accra, babban birnin Gana, wanda tsofaffin Zango ke kira Ankara, wannan abu ne na kowace shekara. Direban tasi, mai trotro (ƙaramar bas ta haya), mai aboboya (babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya) da mai motar gida duk suna gamuwa da shi, musamman a watan Yuni.

Dalilin da ruwa ke tsayawa a titunan birnin

Accra ba ta cikin garuruwan da suka fi samun ruwan sama a Gana. Abin da take samu a shekara bai kai na Kumasi ba. Matsalarta ita ce ruwan yakan sauko a lokaci guda kamar da bakin ƙwarya, kuma ƙasar birnin kwance take, kusa da teku. Damina biyu ake yi: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba.

Ruwan da ya gangaro daga tsaunukan Akwapim da unguwannin arewacin birni yana taruwa ne a kogin Odaw, ya zuba a tafkin Korle, daga nan ya faɗa teku. Babbar kwatar da ta ratsa Nima da Mamobi ita ma can take kai nata. Idan yashi da leda da robar ruwa suka cike hanyar, ko teku ta kawo a daidai lokacin, sai ruwan ya rasa mafita ya koma baya. Shi ya sa sunayen wuraren da ruwa ke ci ba sa canzawa: Circle (mahaɗar tituna ta Kwame Nkrumah), Alajo, Adabraka, Kaneshie First Light. A yammacin birni kuma akwai madatsar Weija a kan kogin Densu, wadda ake buɗe wa ƙofa idan ta cika, ruwan ya malale unguwannin da ke ƙasanta ko da ranar ba a yi ruwa a wurin ba. A 2019 Bankin Duniya ya amince da bashin dala miliyan 200 domin aikin yankin Odaw, amma har yanzu direba mai hankali yakan kalli sama kafin ya nufi Circle.

Daren 3 ga Yuni, 2015 yana cikin mafiya muni a tarihin birnin. Mutane sun fake wa ruwa a gidan mai na GOIL kusa da Circle, fetur ya malala a kan ruwan ambaliya, wuta ta kama. Fiye da mutum 150 ne suka rasu, Shugaba John Dramani Mahama ya ayyana makokin kwana uku.

Zurfin ruwa da nauyin mota

Mutane da yawa suna ganin mota ta yi wa ruwa nauyi. Ba haka ba ne. Mota kamar kwalla take, cike da iska, kuma kowace lita ta ruwa kilo guda ce. Alƙaluman da hukumar yanayi ta Amurka ke yaɗawa sun nuna cewa ruwa mai gudu mai zurfin santimita 15 yana iya kayar da babban mutum, santimita 30 yana ɗauke ƙaramar mota, santimita 60 kuma yana tafiya da jif da a-kori-kura. Santimita 30 bai kai gwiwa ba. Da zarar tayoyi sun saki ƙasa, sitiyari da birki sun zama ado.

A Accra akwai ƙarin haɗari, kuma a ganin mai wannan rubutu ya fi zurfin kansa muni. Yawancin kwatocin gefen titi a buɗe suke, wasu an ɗauke musu murfi. Ruwan ambaliya ja ne, ba a ganin ƙasansa, yana shafe iyakar kwalta da kwata su zama shimfiɗa ɗaya. Direba yana tafe cikin ruwan da bai wuce idon sawu ba, sai tayar dama ta rufta rami mai tsayin mutum. Sanin hanya ba ya hana wannan, domin ruwa yakan zaizaye ƙarƙashin kwalta cikin dare ɗaya.

Abin da ruwa ke yi wa inji

Inji yana shaƙar iska ta bututun iyakilina (matatar iska), wanda a ƙananan motoci da yawa yake ƙasa-ƙasa, bayan bamba. Iska tana matsuwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa. Idan ya shiga silinda, fistin ya taso ya tarar da abin da ba ya ja da baya, sai sandar fistin ta lanƙwashe ko ta karye, wani lokaci ta huda jikin injin. Cikin kofi ɗaya ya isa. Injin dizal ya fi saurin lalacewa saboda matsinsa ya fi na fetur ƙarfi.

Motocin zamani suna da wani lagon daban, wato wayoyi da ƙwaƙwalwar mota. Ruwa yakan kuma kutsa cikin giyabos ya gauraya da mai. Sau da yawa irin wannan ɓarna ba ta bayyana ranar, sai bayan makonni, lokacin da tsatsa ta ci mahaɗan waya mai mota ya shiga zarya tsakanin bakanike da 'yan sifiya na Abossey Okai.

Yadda ake ratsawa idan babu makawa

Ƙa'idar farko ita ce a juya, ko a sami tudu a jira. Ruwan Accra yakan janye cikin sa'o'i kaɗan bayan sama ta ɗauke. Ba a shiga ruwa mai gudu, ba a shiga ƙarƙashin gada inda titi ya yi kwari, ba a kuma auna zurfi da trotro ko babbar mota da ta wuce, tunda ƙafarta ba irin ta ƙaramar mota ba ce.

Idan ruwan kwance yake kuma bai kai rabin taya ba, direba ya jira na gabansa ya fita tukuna. Ya kashe iyakwandishan, ya ɗan sauke gilashi, ya sa giya ɗaya (mai otomatik ya sa L ko 1), ya bi doron titi inda ruwa ya fi ƙaranci. Tafiyar kamar ta mai tafiya da ƙafa ce, ƙafa a kan totur ba ɗagawa, ba canza giya a tsakiya. Gudu yana tura igiyar ruwa ta hau bonet ta shiga iyakilina, ban da masu tafiya a gefe da zai jiƙa. Bayan an fita, a riƙa taka birki a hankali har ya bushe ya dawo da kamunsa.

Ko inda ba ambaliya, ruwa kaɗan a kan hanya irin ta Tema ko N1 yana iya raba taya da kwalta idan ana gudu, musamman suɗaɗɗiyar taya. In sitiyari ya yi sakayau, a saki totur, kada a danna birki da ƙarfi.

Idan mota ta mutu a cikin ruwa

Kada a sake yi mata ki. Wannan kuskuren ne ke mai da aikin yini ɗaya ya koma sayen inji. Idan ruwa yana ƙaruwa, a bar motar. Wadda ta fara nutsewa ba ta buɗuwa ta ƙofa saboda matsin ruwan waje, don haka a kwance bel, a sauke gilashi tun wuta ba ta ɗauke ba, a fitar da yara, a fita ta taga a hau rufi. Lokacin da ake da shi bai fi minti ɗaya ba. In gilashi ya ƙi sauka, na gefe ake fasawa, na gaba ba ya tarwatsewa. Wanda zai taka cikin ruwa ya nisanci turakun lantarki da wayoyin da suka faɗo. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, hukumar agajin gaggawa ta NADMO da 'yan kwana-kwana ne ke aikin ceto.

Motar da ta sha ruwa janwe ke kai ta gareji. Bakanike zai cire fulogogi ya juya inji ruwan ya fita, ya duba iyakilina, ya zubar da baƙin mai idan ya koma kalar shayi da madara, ya cire kafet ya shanya. Inshorar dole da yawancin direbobi ke yanka tana biyan ɓarnar da aka yi wa wani ne kawai, ba ta biyan motar mai ita. Cikakkiyar inshora ce ke iya haɗawa da ambaliya, ita ma gwargwadon abin da aka rubuta a takardar.