Daga kwafar zane da hannu zuwa uwar zane mai gurbi

A zamanin farko na PLC, wato na'urar da ke sarrafa injinan masana'anta bisa shirin da aka saka mata, irin Modicon 084 ta 1969, ma'aikaci yana lura da inji ne ta allon ƙarfe mai fitilu da maɓallai. Kowane famfo da fitilarsa da wayarsa. Da aiki ya koma kan kwamfuta, musamman bayan kamfanin Wonderware ya fitar da InTouch, manhajar zana allon lura da injina, a kan Windows a 1989, tsohuwar ɗabi'a ta biyo baya: a zana famfo ɗaya, a kwafa sau talatin, a bi kowane kwafi ana canza sunan tag (sunan da allo ke karanta siginar inji da shi) da hannu. In kowane famfo yana da tag biyar, gyara 150 ke nan. A tsallake ɗaya, sai famfo na 17 ya tsaya amma allo yana nuna shi kore, domin siginar na 16 yake karantawa.

Maganin da aka samo shi ne a haɗa zanen famfon da launukansa da maɓallansa wuri guda a ma'ajiya, a bar gurbi a inda sunan zai shiga; wannan ita ce uwar zane. Manhajar Citect ta Ostireliya ta kira wannan Genie: a rubuta %famfo%_RUN, duk sanda aka ɗora shi a shafi sai manhaja ta tambayi abin da za a cike gurbin da shi. FactoryTalk View ta Rockwell tana amfani da #1 da #2 a matsayin gurbi, WinCC ta Siemens kuma tana liƙa farkon suna a gaban kowane tag da ke cikin tagar zanen. Ignition, wadda ta fito a 2010, ta ba da damar miƙa wa uwar zane famfon ɗungurungum a matsayin UDT, wato ƙunshin duk tag ɗin famfon a ƙarƙashin suna ɗaya.

Sai dai matsalar ba ta mutu ba, wurin zama ta sauya. Masu gyaran allon sinoptik, wato allon lura da injina, a Garwa da Marwa da Injamena kan gaji tsarin da 'yan kwangila daban-daban suka taɓa, wani ya rubuta P01_RUN, wani P1_MARCHE. Gurbi ba ya hasashe. Harafi ɗaya ya bambanta, zane ya makance. Don haka a fara daidaita sunaye tun daga PLC kafin a zana komai.

Gyara kuma a uwar ake yi. Wanda ya wargaza kwafi a shafi don ya canza launi ya yanke shi daga uwarsa, gyaran gaba ba zai same shi ba. A Citect ma, bayan an taɓa Genie, sai an sabunta shafuka an sake harhaɗa aikin kafin canjin ya bayyana a ɗakin kula da injina.